Asabar da sassafe ko Lahadi? Amsa ga mai shirin hawan igiyar ruwa a tsinin Fetteh

Assalamu alaikum ƙanena. Tambayarka ta iso gare ni, kuma zan maimaita ta a taƙaice domin sauran masu karatu su san inda aka dosa. Ka ce kai mazaunin Nima ne, ka kusa shekara biyu kana hawan igiyar ruwa da allo a ɓangaren yashi na Kokrobite, yanzu kuma kana so ka gwada tsinin gaɓar Gomoa Fetteh, can gaba da Kasoa kusa da Senya Beraku, a wannan mako na ƙarshen Agusta. Manhajar hasashen da kake dubawa ta nuna maka cewa ranar Juma'a toroƙon teku, wato jerin raƙuman ruwa da ke tahowa gaɓa, zai kai tsayin mita 1.1 da tazarar sakan 17 tsakanin raƙumi da raƙumi, ranar Asabar mita 1.5 da tazarar sakan 15, duka biyun daga digiri 205 (kudu da ɗan karkata yamma), ranar Lahadi kuwa mita 1.8 da tazarar sakan 8. Iskar Asabar da safe kilomita 7 ce a awa daga yamma, tana ƙaruwa zuwa 20 bayan azahar, ta Lahadi kuma kilomita 28 a awa daga kudu maso yamma tun wayewar gari. Teburin cika da janyewar teku na Tema da ka haɗo ya sa cikar Asabar a ƙarfe 3:30 na dare, janyewa kuma a 9:45 na safe, ranar tana daidai da sha huɗu ga wata. Ka ce zuciyarka ta karkata ga Lahadi tunda ita ce mai babbar lamba, kana neman a tabbatar maka.

Ba zan tabbatar maka da wannan ba. Ranar da ta dace ita ce Asabar, daga lokacin da gari ya yi haske sosai zuwa wajen ƙarfe takwas da rabi, kuma ko ita ɗin da sharuɗɗan da zan kawo a gaba. Lahadi, idan hasashen ya tsaya yadda yake, rana ce ta wahalar banza, ka sha ruwan gishiri, kafaɗunka su mutu, ka koma Nima ba ka hau igiya ɗaya mai kyau ba.

Tushen kuskuren shi ne ɗaukar lambar tsayi a matsayin ita ce labarin gaba ɗaya. Wannan lamba tana magana ne a kan ruwa mai zurfi, nesa da gaɓa, kafin toroƙon ya taɓa ƙasa, kuma matsakaici ce ta kashi ɗaya bisa uku mafi tsayi na raƙuman ruwan da ke wucewa. Saboda haka idan an rubuta mita 1.5, akwai da yawa da ba su kai haka ba, akwai kuma ɗaiɗaiku da suka wuce, har idan ka daɗe a cikin ruwa kana iya haɗuwa da wanda ya kusa ninka lambar. Abin da wannan tsayi zai zama idan ya iso kan duwatsun Fetteh kuwa, tazara ce ke yanke shi, wato yawan sakan da ke tsakanin wucewar ƙoƙuwar wani raƙumi da ta mai bi masa.

A nan nake so ka tsaya ka fahimta da kyau, domin wanda ya gane tazara ya gane rabin aikin. Gaɓar Ghana tana kallon kudu, kuma tsakaninmu da yankin guguwar kudancin Tekun Atlantika babu wata babbar ƙasa da ta tare hanya. Can ƙasa, daga layin digiri 40 na kudu zuwa gaba, tsakanin Kudancin Amurka da Afirka ta Kudu, iska mai ƙarfi tana kaɗawa kwana da kwanaki a kan faɗin ruwa mai girman gaske, musamman daga Mayu zuwa Satumba lokacin da suke cikin sanyinsu. Abin da wannan iska ta tayar shi ne yake tafiya kimanin kilomita 5,000 ya iso mana. A kan hanya ƙananan raƙuman suna mutuwa, masu doguwar tazara suna rayuwa, suna jeruwa ayari-ayari, kuma mafi tsawon tazara shi ne mafi sauri. Ayarin da ke da tazarar sakan 15 yana cin kusan kilomita 42 a awa, wato kimanin kilomita 1,000 a kwana guda, mai sakan 17 kuwa yana kusan 48 a awa. Wannan shi ya sa lambobinka suka jeru yadda suka jeru: 17 ranar Juma'a su ne 'yan gaba da suka riga kowa isowa, ƙanana amma masu nauyi, 15 ranar Asabar shi ne jikin toroƙon, daga nan kuma tazarar za ta ci gaba da sauka yayin da tsayin ke raguwa. Guguwar da ta haifi igiyar da za ka hau ranar Asabar ta riga ta yi aikinta tun farkon makon nan, raƙumanta suna kan hanya a daidai lokacin da kake karanta wannan amsa.

To daga ina mita 1.8 da sakan 8 na Lahadi suka fito? Ba daga waccan guguwa ba. Tazarar sakan 8 ko ƙasa da haka a gaɓarmu alama ce ta ruwan da iskar kusa ta hargitsa, kuma ga shi iskar Lahadin da ka ambata ta kilomita 28 a awa ta ba da shaida. Manhajoji irin su Windy, Windguru da Surfline sukan nuna lamba ɗaya a fuska wadda ta haɗe komai, amma idan ka buɗe bayanin ciki za ka tarar an raba toroƙon layi-layi. Ina sa ran za ka ga ragowar toroƙon nesa a layi ɗaya da tazarar sakan 12 ko 13, da hargitsin iska a wani layin da gajeriyar tazara. Ba a tara su kai tsaye, ana ninka kowanne da kansa ne, a haɗa, sannan a ɗauki tushen jimlar. Misali mita 1.2 da mita 1.4 idan suka haɗu suna ba da kusan 1.8. Ka ga ke nan babbar lambar da ta ja hankalinka tana iya zama ƙaramin toroƙo ne da aka lulluɓe da birkitaccen ruwa.

Akwai ɗan lissafi da nake ba duk wanda ya fara karanta hasashe. Ƙarfin da raƙumi ke ɗauke da shi zuwa gaɓa yana tafiya ne da tsayinsa ninke da kansa, sannan a ninka da tazara. Juma'a za ta ba ka kusan 21, Asabar kusan 34, Lahadi kusan 26. Ko a takarda ma Asabar ta fi Lahadi ƙarfi, balle a zo ga tsari. Tsawon raƙumi daga ƙoƙuwa zuwa ƙoƙuwa a ruwa mai zurfi yana kai mita 350 idan tazarar sakan 15 ce, mita 100 kacal idan sakan 8 ce, kuma raƙumi yana fara jin ƙasa ne idan zurfin ruwa ya kai rabin tsawonsa. Mai sakan 15 ya fara jin ƙasan teku tun yana nesa ƙwarai da gaɓa, yana rage gudu, yana tattara kansa, yana miƙewa tsaye, shi ya sa mita 1.5 da aka rubuta kan iya zama bango da ya wuce kanka sosai idan ya zo fashewa. Ina so wannan ya zauna maka a rai, domin shi ne dalilin da ya sa na ce Asabar ma da sharaɗi.

Yanzu ga abin da ya bambanta tsinin gaɓa da bakin yashi inda ka saba. Daga Cape Three Points, wanda shi ne wuri mafi kudu a ƙasar nan, gaɓa tana tafiya ne gabas tana ɗan karkata arewa har ta wuce Accra. Toroƙon da ya fito daga digiri 205, wato kudu da ɗan karkata yamma, yana isowa ne a karkace. Idan ya ci karo da tsinin dutse da ya shiga cikin teku, ɓangarensa da ya fara shiga ruwa marar zurfi yana rage gudu, ɓangaren da ke waje yana ci gaba da saurinsa, sai raƙumin ya lanƙwaso ya zagayo tsinin ta gabas, ya fara fashewa daga bakin dutsen yana warwarewa a hankali zuwa cikin lungun. Ga mai hawa da ke fuskantar tudu, wannan tafiya ce zuwa hannun dama, kuma shi ya sa sanannun tsinukan Ghana, har da Black Mamba da ke tsakanin Busua da Dixcove, na dama ne. Lanƙwasowar nan aikin doguwar tazara ce. Raƙumi mai sakan 8 ba ya jin ƙasa da wuri, don haka ba ya lanƙwasowa sosai, sai ya bugi goshin dutsen ya watse, abin da ya shigo lungun kuma ya zo guntu-guntu babu kafaɗar da za ka bi, wato gefen igiyar da bai fashe ba tukuna. A bakin yashi hargitsin iska yakan ba da ɗan abin wasa, amma tsini ba ya nuna kyawunsa sai da toroƙon nesa.

Sai iska, wadda ita ce ke ɓata mana yawancin ranakun damina. A wannan lokaci iskar kudu maso yamma ce ke mulki, tana fitowa daga teku zuwa tudu, tana tura igiya ta baya ta rushe ta kafin ta miƙe. Abin da muke nema shi ne iskar da ke fitowa daga tudu, daga arewa ko arewa maso yamma, wadda ke riƙe fuskar igiya ta yi sumul, ko kuma a ce babu iskar gaba ɗaya. Da dare ƙasa tana hucewa da sauri fiye da ruwa, sai iskar teku ta lafa, wani lokaci har wata 'yar iska ta taso daga tudu kafin asuba. Da rana ta ɗaga ƙasa ta ɗumama, iskar teku ta dawo, kuma daga hantsi zuwa la'asar ƙaruwa take yi. A watan Agusta wannan sauƙi na safiya gajere ne, saboda ruwan gaɓarmu yana da sanyi a lokacin, bambancinsa da ƙasa da dare ba shi da yawa, da rana kuwa yana da yawa. Kilomita 7 a awa daga yamma da aka sa wa safiyar Asabar abu ne mai kyau, kuma tsinin da kansa zai tare maka wani ɓangare nata tunda kana gabas da shi. Kilomita 28 daga kudu maso yamma kuwa babu dutsen da zai kare ka daga ita. Ka kuma duba ma'aunin da manhajarka ke amfani da shi, domin da yawa suna rubuta gudun iska da not ne, kuma not ɗaya kilomita 1.852 ne a awa, wanda ya ga 15 ya ɗauka kilomita ne alhali not ne ya rage wa iskar kusan rabin ƙarfinta.

Lambobin nan ba darajarsu ɗaya ba wajen amincewa. Hasashen toroƙon nesa na kwana uku zuwa huɗu abin dogaro ne ƙwarai, tunda abin ya riga ya faru, tauraron ɗan'adam ya auna iskar da ta tayar da shi, saura lissafin tafiya kawai, ko da yake lokacin isowarsa kan iya gocewa da wasu awanni. Hasashen iskar bakin gaɓa shi ne mai rauni, saboda na'urorin da ke lissafa yanayin duniya suna raba taswira gida-gida ne mai faɗin kilomita da yawa, ba sa ganin tsini ɗaya ko lungu ɗaya, kuma ba su cika kama hadarin da kan taso mana daga gabas farat ɗaya ba. Don haka ka sake duba iskar ranar Juma'a da dare, ka kwatanta manhaja biyu, ka kuma nemi sanarwar da Hukumar Kula da Yanayi ta Ghana ke fitarwa domin masunta da masu shiga teku. Idan hukumar ta ce teku zai yi haɗari, maganarta ce a gaba da tawa.

Batun cika da janyewa shi ne wanda masu zuwa daga bakin yashi suka fi rainawa. Tekunmu yana cika sau biyu ya janye sau biyu a cikin awa 24 da minti 50, shi ya sa lokacin ke matsawa gaba da kusan minti 50 kowace rana. Bambancin cika da janyewa a gaɓar Ghana ba shi da yawa idan aka kwatanta da wasu ƙasashe, wajen mita ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi, amma a kan dutse ko rabin mita shi ne tsakanin ka wuce lafiya da ka bar fatar bayanka a wurin. Mu da muke bin kwanan wata muna da sauƙi a nan: a kwanakin tsayuwar wata da kwanakin da ya cika, rana da wata suna jan ruwa a layi ɗaya, cika ta fi yawa, janyewa ta fi zurfi, kuma ƙarshen makonka ya faɗa tsakiyar wannan. Da cika a 3:30 da janyewa a 9:45, ruwan zai kasance a tsakiya yana sauka lokacin da rana ke fitowa wajen ƙarfe shida saura. Saukar ba daidai take tafiya ba, a awa ta uku da ta huɗu bayan cika ne ruwa ke zubar da rabin abin da zai zubar gaba ɗaya, wato tsakanin biyar da rabi da bakwai da rabi. Ma'anar wannan a gare ka ita ce igiyar da ka tarar mai laushi da ƙarfe shida za ta ƙara miƙewa da sauri da ƙarfe bakwai da rabi, jan ruwa zai ƙaru, duwatsun da ba ka gani ba da farko za su fara leƙowa. Igiya tana fashewa ne idan zurfin ruwa ya kusa tsayinta da ɗan ɗori, saboda haka duk inda ka ga mai mita biyu ta fashe, ruwan da ke ƙarƙashinta bai wuce mita biyu da rabi ba, kuma yana raguwa. Zuwa takwas da rabi ruwa ya yi ƙasa, iska ta fara tashi, abu biyu sun haɗu sun ce ka fito.

Haɗuwar doguwar tazara da babbar cika ita ce kuma ke tura ruwa can saman gaɓa fiye da yadda aka saba. Irin wannan haɗuwa tana cikin abin da ke shiga gidajen mutane a gaɓar Keta da Ketu ta Kudu, kamar yadda aka gani a Nuwamban 2021. Kada ka bar kayanka ko babur a inda yashi ke da danshi, ko da ka ga ruwa ya yi nisa da wurin.

Shawarata ita ce kada ka yi sammako daga Nima ranar Asabar, ka tashi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka haƙura da cunkoson hanyar Kasoa, ka kwana a can. Da yamma iska za ta ɓata fuskar ruwan, amma abin da za ka je gani ba kyan igiya ba ne. Ka sami wuri mai tudu ka zauna rabin awa cur da agogo a hannu. Toroƙo mai sakan 17 yana da yaudara, teku kan yi lamo minti goma ko fiye har ka ce babu komai, sai ka hangi layuka masu duhu sun taso daga nesa, uku ko biyar a jere, na tsakiya ya fi na farko girma, su fashe a wani wuri can waje da inda ƙananan ke fashewa. Ka ƙirga yawan raƙuman da ke cikin kowane ayari da mintunan da ke tsakanin ayari da ayari. Ka lura da inda ruwa ke tafasa yana yin da'ira a fuskar igiya kafin ta fashe, dutse ne a ƙarƙashi. Ka bi farin kumfa da ido bayan ayari ya wuce ka ga inda yake gangarawa, nan ne ruwan zai kai ka idan ka faɗi. Ka zaɓi alama biyu a tudu, misali wata bishiyar kwakwa da wani rufin gida a bayanta, waɗanda idan suka daidaita ka san kana inda ya kamata ka jira. Da safe kafin ka shiga ka maimaita wannan zama ko na minti ashirin ne, domin toroƙon zai ƙaru cikin dare.

Lungun da ke gabas da tsini, wanda ya ba ka igiya, shi ne kuma mashigar masunta, tun kafin a san allo a ƙasar nan suke fakewa a irin waɗannan wurare saboda dalilin da ya kawo ka. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙasan teku mai sanyi yana tasowa sama a gaɓarmu, yana kawo abincin kifi, lokacin ne kakar kifin sadin, kuma jiragen da suka kwana a teku da safe suke dawowa, a lokacin da kai kake cikin ruwa. Jirgin katako da aka loda da kifi, yana bin bayan igiya zai shiga gaɓa, ba ya iya kauce maka, kai ne za ka ba shi hanya tun daga nesa. Akwai kuma igiyoyin anga da taru da ba a gani sai an shiga cikinsu. A yawancin garuruwan gaɓar nan Talata ce ranar da ba a fita kamun kifi, Asabar ranar aiki ce sosai. Da ɗan gari akan ci gari. Ka je ka gai da dattawan da ke gyaran taru a bakin ruwa, idan an nuna maka apofohene, wato sarkin masuntan Fante na wurin, ka gaishe shi ka faɗi abin da ya kawo ka, ka tambaye su ta ina jirage ke shiga, wane dutse ne suke gudu idan ruwa ya janye, ina ne ruwa ke ja. Abin da za su gaya maka cikin minti biyar babu manhajar da ke da shi.

A cikin ruwan, ka shiga ta lungu inda yashi yake, ka zagaya ta waje da inda igiya ke fashewa, ko da hanyar ta fi tsawo. Kada ka yi tsalle daga kan dutse don ka ga wani ya yi, wannan na wanda ya san wurin ne. Toroƙon da ke zuwa a karkace yana tura ruwa gabas a duk tsawon gaɓarmu, a tsini kuma wannan turi yana ƙaruwa bayan kowane ayari, za ka ga kana tuƙi da hannu ba tsayawa don kawai ka zauna a wurinka. Kada ka fara da bakin dutsen inda igiyar ke tashi, ka zauna can ƙasa a kafaɗa, ka ɗauki waɗanda suka wuce babu kowa a kai. Wanda ya fi kusa da inda igiya ta fara fashewa shi ke da ita, kuma a tsini ana bin layi ne, wanda ya hau ya koma baya. Idan za ka faɗi ka faɗi a shimfiɗe, ka rufe kai da hannuwa, kada ka shiga da kai ko da ƙafa a miƙe. Idan ruwa ya ja ka waje, ka riƙe allonka, kada ka yi kokawa da jan, ka tuƙa ta gefe har ka fita daga cikinsa sannan ka nufi yashi.

Sharuɗɗan da na ambata ga su, kuma ban ɗauke su da wasa ba. Kada ka shiga kai kaɗai, ka tafi da wanda ya taɓa hawan wurin, a kuma sami wani a tudu da waya a hannu wanda ya san lambar gaggawa ta 112, domin bai kamata ka sa ran samun mai ceto a bakin ruwan ba. Ka tambayi kanka da gaskiya ko za ka iya iyo mita ɗari huɗu ko biyar a cikin teku mai motsi ba tare da allo ba, tunda maɗaurin da ke haɗa ƙafa da allo yana tsinkewa, kuma a irin wannan rana ya fi tsinkewa. Ka duba naka tun a gida, idan robar ta fara tsagewa ko zaren da ke riƙe shi da allo ya lalace ka canza. Ka tambayi kanka kuma ko ka taɓa hawan igiyar da ta wuce kanka a Kokrobite kana juyawa dama da niyya, kana fita daga igiya lokacin da ka so. Idan amsar ɗaya daga cikin waɗannan a'a ce, ka je ka kalla ranar Asabar, ka tsaya har 9:45 ka ga duwatsun a fili lokacin da ruwa ya janye, ka dawo wata ranar da lambar ta ce mita 1 da sakan 12 ko 13. Wannan shi ne girman da nake so mutum ya fara sanin tsini da shi.

Ruwan zai fi yadda ka saba sanyi. A Maris da Afrilu yakan kai digiri 28 ko 29, a Agusta kuwa yana sauka zuwa wajen 22, kuma da asuba ga iska ga gajimare, awa biyu sun isa su sa hannu ya yi nauyi. Rigar roba marar kauri za ta taimaka, ta kuma kare haƙarƙari daga dutse. Ka ci wani abu mai sauƙi bayan sallar asuba, ko koko ne. Ka tafi da ruwa mai tsabta da maganin wanke rauni, domin yankan dutsen teku yana saurin ruɓewa a zafinmu, kuma akwai bushiyar teku mai baƙar ƙaya a ramukan duwatsu. Idan ta soke ka, ka jiƙa wurin a ruwan ɗumi mai zafin da za ka iya jurewa, ka cire ƙayar da ta fito da sauƙi, wadda ta nutse ko ta shiga gaɓar yatsa ka kai ta asibiti. Idan an yi ruwan sama mai yawa kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ka guji kusa da bakin kogi ko tafki, saboda dattin da ke gangarowa.

Idan wannan makon bai yiwu ba, lokaci bai ƙure ba. Daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba iskar kudu maso yamma tana sassautawa, ruwa yana ɗumama, toroƙon kudu kuma bai ɗauke ba tukuna, a ganina wannan ne lokacin da ya fi dacewa da mai koyon tsini. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu kan ba da safiya mai santsi da iskar tudu, sai dai toroƙon yakan yi ƙanƙanta, wani tsinin ma ba ya tashi sai an yi sa'a.

Ranar Juma'a da dare ka buɗe hasashen ka duba abu uku. Idan iskar safiyar Asabar ta haura kilomita 15 a awa daga kudu ko kudu maso yamma, ka fasa shiga. Idan tsayin ya tashi zuwa mita 1.8 ko fiye alhali tazarar tana nan a sakan 15, ya fi ƙarfin mai zuwa wurin karo na farko, ka tsaya a tudu. Idan kuma lambobin suna nan yadda ka turo su, abokin tafiyarka ya iso, masunta sun nuna maka hanyar jiragensu, to ka shiga da ƙarfe shida ka fito kafin takwas da rabi. Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya.